Wane, Wance da Bashin da Kawu Bai Ci Ba

A hutun da ya wuce mu huɗu muka haɗu a Kazaure, biyu 'yan gari, ɗaya daga Roni, ɗaya daga Babura, dukkanmu ɗaliban kimiyyar kwamfuta. An roƙe mu mu rubuta ɗan littafin jagora da Hausa, shafi 12, wanda za a raba wa matasan da ake koya wa yadda mai shago zai riƙa ajiye lissafin cinikinsa da basussukansa a manhajar Excel, maimakon littafin nan da kullum ko ruwa ya jiƙa shi ko ɓera ya ci gefensa. Aikin bai ba mu wahala ba. Da muka zo shafi na bakwai, inda ake buƙatar jadawalin misali mai ɗauke da suna da gari da lambar waya da adadin bashi, sai ɗaya daga cikinmu ya ce kada mu ɓata lokaci. Ya buɗe wayarsa, ya kwafo mutum biyar daga cikin lambobin da ya ajiye. Mu kuma muka yi ta ƙaga musu bashi muna dariya.

Na uku a jerin kawunsa ne, mai sayar da hatsi a ƙasar Gwiwa. Sunansa da na mahaifinsa da garinsa da lambarsa, duk na gaskiya. A gabansa muka rubuta N45,000, a gidan ƙarshe muka sa "ya ƙi biya", muka kuma shafa wa layinsa jan launi, don kawai mu nuna yadda ake sa wa layi launi.

Aka buga kwafi 60 aka raba. Bayan mako uku sai ga shafi na bakwai, shi kaɗai, ya rabu da 'yan uwansa, babu bango, babu kalmar "misali" ko ɗaya a jikinsa, ya isa hannun dillalin da ke ba kawun kaya bashi. Dillali bai ce masa komai ba, ya dai riƙe kayansa kasuwa biyu a jere. Wasu kuma suka riƙa kiran lambar suna tambayar wa ke bin sa kuɗi. Sai da mahaifiyar abokinmu ta kira shi cikin faɗa sannan muka san abin da muka jawo. Muka shiga mota muka je har gida, muka durƙusa.

"Kawu, wallahi misali ne kawai," in ji abokinmu.

"Misali? Duk faɗin ƙasar Kazaure ba ku sami mai cin bashi ba sai ni?"

Ya yafe mana, amma sai da muka bi shi wurin dillalin da cikakken littafin a hannu muka yi bayani da bakinmu. Hatsin kasuwa biyun nan kuwa ya wuce, babu mai mayar masa da ribarsa.

Mun kawo muku wannan labari ne, ƙannenmu na sakandare, saboda da yawanku kun fara irin wannan aiki. A darasin kwamfuta ana cewa ku tsara jadawalin ɗaliban aji. A darasin kasuwanci ana cewa ku cike rasit ko takardar neman biyan kuɗi. A darasin Turanci da na Hausa kuna rubuta wasiƙa zuwa ga manajan wani kamfani. Gobe wasunku za su shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, ko cibiyar koyar da fasahar sadarwa ta jiha da ke garin, ko Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura wadda aka amince da kafa ta a 2021, inda kusan kowane aikin gwaji sai an ƙago mutane da kamfanoni. Babu wanda ya taɓa zaunar da mu ya koya mana yadda ake zaɓen waɗannan sunaye. Ashe abu ne da masu ilimi suka daɗe da yi wa tsari.

Laifin me Amru ya yi?

Duk wanda ya zauna gaban malam a zaure ya ɗauki nahawu ya san Zaidu. Shi ne mai tsayuwa, shi ne mai zuwa, shi ne mai duka. Wanda ake duka kuwa Amru ne. In ana son mace sai a ɗauko Hindu. Ajrumiyya, ɗan littafin da almajiran ilimi ke farawa da shi, wanda ya rubuta shi mutumin birnin Fas ne a ƙasar Maroko, ya rasu a 1323. Fiye da shekara 700 ke nan Zaidu yana tsaye a cikinsa bai zauna ba.

Akwai barkwancin da malamai ke bayarwa, wai wani basarake mai suna Dawuda ya gaji da jin ana dukan Amru, ya tara malaman nahawu ya ce su faɗa masa laifin da ya yi. Duk wanda ya ce "ranka ya daɗe, misali ne kawai" sai a wuce da shi gidan yari. Can sai wani tsoho mai wayo ya ce ai Amru ɓarawo ne, shi ya saci wawu ɗaya daga sunan Dawuda ya liƙa a ƙarshen nasa. Da ma a rubutun Larabci ana ƙara wa Amru wawun da ba a furta shi, don a bambanta shi da Umaru, shi kuma Dawuda ana rubuta shi da wawu ɗaya alhali kunne na jin biyu. Basarake ya ji daɗi, ya ce lallai a ci gaba da dukan. Da muka tuna wannan labari a hanyarmu ta dawowa daga Gwiwa, dariyar ba ta fito sosai ba, domin amsar da ta kai malaman kurkuku ita muka ba kawu.

Amma ku lura da hikimar masu nahawu. Zaidu ba shi da uba, ba shi da gari, ba shi da unguwa. Suna ne guda, gajere, wanda ƙarshensa ke nuna canjin wasali a fili, abin da darasin ke son koyarwa ke nan. Shekara ɗari bakwai ana dukan Amru, babu dangin da suka taɓa kai ƙara. Mu ma Hausawa muna da namu tun kaka da kakanni: wane da wance da su wane, da gari kaza da kuɗi kaza. Idan malami na wa'azi ya ce "wane ya ci amanar wane", kowa ya fahimci darasin, babu wanda aka tozarta. Lauyoyin Ingila kuma sun yi ɗaruruwan shekaru suna amfani da John Doe da Richard Roe a takardun shari'a, har yau a Amurka John Doe ake kiran wanda ba a san sunansa ba.

Masana kwamfuta sun zo sun yi nasu Zaidun da Amrun. A 1978 wasu masana uku a jami'ar MIT ta Amurka, Ron Rivest da Adi Shamir da Leonard Adleman, suka wallafa maƙala kan hanyar kulle saƙo ta yadda babu mai buɗe shi sai wanda aka aika wa. Maimakon su yi ta cewa A ya aika wa B, sai suka ce Alice da Bob. Harafin farko na kowane suna ya tsaya a matsayin A da B, ga shi ɗaya mace ɗaya namiji, don haka da an ce "ta aika" ko "ya karɓa" mai karatu ya san wa ake nufi. Sunayen suka bi duniya. Daga baya aka ƙaro Carol da Dave, da Eve mai laɓe tana sauraron hirar mutane, da Mallory mugu mai canja saƙo a hanya. Yau ɗalibi a Indiya ko a Kazaure in ya ga Eve a littafi ya san aikinta tun kafin a gaya masa.

Lambar waya ta fi suna haɗari

A 2021 kamfanin Netflix ya fitar da fim ɗin Koriya mai dogon zango, Squid Game, wanda da yawanku kun gani ko kun ji labarinsa. A cikinsa ana miƙa wa mutane kati mai lambar waya. Lambar ta zama ta gaske ce, akwai mai ita a Koriya ta Kudu, sai kira da saƙonni suka yi ta shigowa dubbai, dare da rana, daga masu son su "shiga wasan". Dole kamfanin ya koma ya gyara wuraren da lambar ta fito. In kamfani mai wannan ƙarfi zai faɗa ramin, ina ga mu da muka yi aikinmu a shagon fotokwafi?

Wasu ƙasashe sun yi maganin abin tun daga tushe. A Amurka da Kanada an ware lambobi daga 555-0100 zuwa 555-0199 don fina-finai da littattafai, ba a ba kowa su. A Ingila hukumar Ofcom ta ware nata, ciki har da lambobin salula daga 07700 900000 zuwa 07700 900999. A nan gida dabarar da muka koma yi mai sauƙi ce. Lambar salula a Najeriya alƙaluma 11 ce, tana farawa da irin su 070 da 080 da 081 da 090 da 091. To sai mu rubuta 0000 000 0001, tsawonta daidai, jadawali ya karɓa, amma ko an kira ba ta shiga. Kada ka ce za ka ƙago lamba daga kanka mai farawa da 0803, domin da wuya ka dace da wadda ba ta da mai ita.

Ga wani abin da ya ƙara wa lamarin nauyi a zamaninmu. A manhajojin kuɗi irin su OPay, lambar wayar mutum in an cire sifirin farko ita ce lambar asusunsa. Wanda ya tsinci takardarmu ya sami suna da gari da lamba, kuma mai yiwuwa har da asusu. Rabin abin da ɗan damfara ke nema ke nan kafin ya kira ya ce daga banki yake. Kuma tun watan Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya, da hukumar da ke kula da ita, ta yadda yaɗa bayanan mutum ba da izininsa ba ya wuce rashin kunya, ya shiga hurumin doka. Lambar NIN da ta BVN, kowace alƙaluma 11, ko ta ƙaninka ce kada ta shiga aikin gwaji.

Adireshin imel da na intanet kuwa an riga an hutar da mu. Tun 1999 aka keɓe example.com da example.net da example.org don misali kawai, babu mai iya sayen su. In ka rubuta wane@example.com ka tabbata ba akwatin wani ba ne.

Kamfanin da babu shi

Kamfanin Microsoft yana da wasu kamfanoni na ƙarya da yake amfani da su a littattafan koyar da manhajojinsa, irin su Contoso da Fabrikam da Northwind Traders. Shekara da shekaru ana ta buga musu rasit da jerin ma'aikata, alhali ko tsinke ba su taɓa sayarwa ba. Mu kuwa in aka ce ɗalibi ya kawo sunan kamfani, abu biyu yake yi. Ko dai ya ɗauko babban suna da kowa ya sani, irin Dangote, ya jingina masa lissafin da ya ƙaga, wanda in takardar ta fita waje za ta iya zama ƙage, ko kuma ya ce bari ya ƙirƙiro nasa, sai ya sa Alheri ko Nasara ko Albarka ko Rahama. Ku fita titin Kano zuwa Daura inda ya ratsa Kazaure ku karanta allunan shaguna, ku gani ko akwai ɗaya daga cikin kalmomin nan da ba ta da mai ita. Hukumar rajistar kamfanoni ta CAC tana da wurin bincike a intanet inda za ka duba ko an yi wa suna rajista, amma yawancin shagunan kasuwanninmu ba su cikin wannan rajista, don haka rashin ganin suna a can bai nuna babu shi a bakin tasha ba. Mu dai mun tsaya a kan Shagon Misali da Kamfanin Wane da 'Ya'yansa. Ba su da daɗin ji, mun sani. Amma ko shafin ya rabu da littafin, sunan da kansa yana shelar cewa wasa ne.

Inda muka yi gardama

Kada wannan ya sa ku gudu ku koma wa John da Mary. A nan ne ma muka fi daɗewa muna musu, domin sunan misali yana da aiki na biyu: da shi ake gwada ko manhaja za ta ɗauki mutanen gaske.

Ɗauki Sa'adatu, ko garin 'Yankwashi da ke maƙwabtaka da mu. Wannan 'yar alamar da ke cikin sunan, a harshen da ake yi wa rumbun bayanai magana da shi, ita ce ke nuna farkon rubutu da ƙarshensa. In mai rubuta manhaja bai yi hattara ba, kwamfuta na zuwa kan "Sa" sai ta ɗauka suna ya ƙare, ragowar ta rasa yadda za ta yi da shi, sai aiki ya tsaya. Mutanen Ayalan masu suna irin O'Brien sun daɗe suna shan wannan wahala. Ga kuma haruffanmu masu lanƙwasa. Ɗanjuma da Ƙasimu sukan shiga kwamfuta lafiya su fito daga na'urar bugawa da akwati ko alamar tambaya a madadin harafin farko. Wanda ya gwada manhajarsa da John Smith kaɗai ba zai taɓa ganin wannan ba, sai ranar da aka kai ta makaranta a Roni.

Sai batun gidan "sunan iyali" da ke kan kowane fom. Mu da yawa ba mu da shi a yadda Bature ke nufi. Wani sunan mahaifinsa yake sawa, wani na kakansa, wani na garinsu, kamar yadda Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka shahara da sunayen garuruwa. A aji ɗaya za ka sami Muhammad da Mohammed da Muhammed, kuma duk wanda ya yi rajistar JAMB tun da aka wajabta NIN a 2021 ya san yadda harafi ɗaya ke sa mutum zarya. Abokinmu na Babura ya ƙara mana wani. Garinsu na kan iyaka da Nijar, abokan cinikin mai shago a can akwai masu rubuta Ousmane da Mahamadou da salon Faransanci, kuma lambar wayarsu alƙaluma 8 ce bayan +227. Jadawalin da ya ce dole sai 11 ya kori waɗannan ke nan. Saboda haka muka sa irin waɗannan duka a misalanmu da gangan, amma suna ɗaya tak, babu uba, babu unguwa.

Don jerin yau da kullum kuwa, 'yar Ronin cikinmu ce ta kawo shawarar da ta fi burge mu: sunayen rana. Ladi, Altine, Talatu, Laraba, Lami, Jummai, Asabe, ga kuma Ɗanladi da Ɗanlami da Ɗanjuma da Ɗan'asabe. Duk Bahaushe ya san jerinsu ba tare da an koya masa ba, kamar dai A da B da C na su Alice. Ladi ta aika wa Altine, Altine ta tura wa Talatu, ba ka ɓata. Akwai wani amfanin kuma. Takardun gwaji ƙarshensu wurin mai ƙosai ko mai awara ne, ko kwandon shara. Sunaye irin Abdullahi da Abdurrahman suna ɗauke da sunan Allah, wasu kuma na Annabawa ne, ba ma son mu jingina musu sata ko cin bashi ko da wasa, ba ma son a taka su a ƙasa. Sunan rana ba shi da wannan nauyin.

Ita ce kuma ta tsare mu da tambayar da ba mu da amsarta. A rubutunmu na farko, masu shago biyar duk maza ne, mace ɗaya da ta fito kuwa mai sayen omo ce. Ta ce a gidansu mahaifiyarta ce ke riƙe da adashin mata talatin, kuma ba ta taɓa ɓatar da sisi ba. Littattafan firamare sun saba mana da Ali da Simbi, sun kuma saba mana da cewa Musa manomi ne, likita kuwa wani ne daga wani wuri. Yarinyar da ke aji uku a Gwiwa tana karanta waɗannan misalai, tana kuma lura da inda aka ajiye mai irin sunanta. Muka mayar da mai shagon Talatu. Ɗan Babura ya ce a sa Ngozi da Tunde cikin masu ciniki, tun da a kasuwanninmu akwai su, aka sa. Abin da muka ƙi shi ne a ba mai laifi sunan da ke nuna wata ƙabila, domin raha irin ta taubasai daban take da abin da aka buga a takarda.

To wa zai zama mai cin bashin? Dole a samu, in ba haka ba babu layin da za a shafa wa ja. Ɗaya ya ce a sa Kura, aka tuna masa Kura gari ne a jihar Kano kuma mutane na sa shi a ƙarshen sunansu. Muka yi shiru. Can sai wanda ya jawo mana rigimar tun farko ya ce, "Gizo fa?" Babu uban da ke raɗa wa ɗansa Gizo, kuma duk yaron da ya taɓa jin tatsuniya ya san halinsa, kamar yadda masu karatun tsaron kwamfuta suka san halin Mallory. In ana son abokiyar laifi, ga Ƙoƙi nan.

Mun sake buga littafin, muka bi waɗanda muka iya samu muka karɓe tsohon. Kwafi 41 suka dawo, sauran 19 suna wani wuri, da lambar kawu a jiki. A ƙasan kowane jadawali na sabon bugun mun rubuta cewa sunaye da lambobin nan duk ƙagaggu ne, a kowane shafi, ba a bango kaɗai ba. Abokinmu ya kai wa kawunsa kwafi ɗaya ranar kasuwa. Ya sa tabarau ya buɗe shafi na bakwai kai tsaye, ya bi layi na uku da yatsa, ya ga Gizo, N45,000, ya ƙi biya.

"Wannan kam," in ji shi, "ku ma ku haƙura da kuɗin."